Samariya a ƙasar Tondikandiya: aikin gayya da gwamnati ta ɗauka

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Dallol Boso sun san aikin gayya. A ƙasar Kurfai, wajen Filinge, Hausawa suna ce masa gayya. A Tondikandiya, inda Zabarmawa suka fi yawa, ana ce masa bogu. Idan damina ta yi tsakiya, mai gida ya kwanta ciwo ko kuwa ƴaƴansa maza sun tafi cin rani bakin teku ba su komo ba, sai samarin gari su ɗauki hauyoyinsu su nome masa gona rana guda. Ladansu hura da tuwo.

Wannan tsohuwar al'ada ce gwamnatin soja ta ɗora Samariya a kanta. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga watan Afirilu 1974, ɗan ƙasar nan ne: an haife shi a Fandu, kusa da Damana, cikin gidan sarautar Tondikandiya. Ya tarar da ƙasa cikin yunwar fari, ga kuma ƙorafin talakawa cewa hatsin taimako ba ya isa hannunsu. Da ya rushe jam'iyya, sai ya nemi wata hanyar kaiwa ga ƙauyuka. Aka kafa Samariya gari gari, unguwa unguwa, kowace da sarkin samarinta. A shekarar 1975 kuma aka kafa ƙungiyar matan Nijar.

Aikin da Samariya ta yi cikin ƙasa ba ɓoyayye ba ne. Ta buga tubali ta gina azuzuwan lakwal, ta yashe rijiyoyi, ta share kasuwa da hanyoyi, ta noma gonakin haɗin gwiwa, ta dasa itatuwa ran 3 ga watan Agusta. Bayan farin 1984, da gwamnati ta yi kira ga noman rani, ƙasa irin ta Dallol, inda ruwa yake kusa da bakin rijiya, ta dace da wannan kira ƙwarai. Lambu guda yana iya riƙe saurayi a gida maimakon ya kama hanyar Abijan, kuma iyalin da ke da ƙarti a gida su ne ke fara shuka da ruwan farko.

Sai dai abu guda ya gurgunta tafiyar. Gayya ta gargajiya, maƙwabci ne ke kiranta, wanda aka yi wa kuma ya san akwai ranar ramawa. Samariya kuwa, sau da yawa umarni daga ofishin hukuma yake saukowa. Ana tara samari tarbon manyan baƙi da kiɗa da rawa, wani lokaci ana tsakar noma. Da aka sa ta cikin tsarin raya ƙasa tare da ƙungiyoyin manoma, sai ta ƙara zama hannun hukuma.

Kunce ya rasu a Paris ran 10 ga watan Nuwamba 1987. A 1989 aka kafa jam'iyyar MNSD, bayan babban taron ƙasa na 1991 kuma jam'iyyu suka yawaita, samarin gari guda suka rarrabu, Samariya ta watse. Aikin taimakon iyali ya koma hannun ƙungiyoyin mata, da kwamitocin iyayen ƴan lakwal, da hukumar gunduma da ke Damana, wadda aka fara zaɓen mashawartanta a 2004.