Ko Kun Sani? Anini a Kafaɗa, Digiri a Hannu

A Kaduna, matashi kan shiga bariki da takardar sakandare ya fito da anini a kafaɗa da digiri a hannu. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA, wadda aka kafa a 1964, ta fara karatun digiri a 1985. Mai son zama hafsan sojan ƙasa shekara biyar yake yi: huɗu yana haɗa aji da fareti, ta biyar horon soja zalla.

A Amurka kuwa, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jami'o'i da dama kan lissafa horon da soja ya samu a bakin aiki a matsayin darussan da ya riga ya ci. Ba ƙaramin rangwame ba ne ga magidanci mai iyali.