Sifar Latin a Sunayen Kimiyya na Tsirrai: Jinsi da Ma'ana

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1753 Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya wallafa littafinsa Species Plantarum, wanda ya kafa tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu. Kalmar farko sunan dangi ce, ta biyu kuwa sau da yawa sifa ce ta Latin wadda ke bambanta iri da 'yan'uwansa. Wannan maƙala za ta dubi jinsin wannan sifa da kuma ma'anarta.

2.0 Jituwar Jinsi

Kamar yadda Bahaushe kan ce "farin doki" amma "farar goɗiya", haka sifar Latin take bin jinsin sunan da take siffantawa. Sai dai Hausa jinsi biyu gare ta, Latin kuwa uku: namiji, tamata da tsaka-tsaki. Dubi sifar da ke nufin "wanda ake nomawa":

Cucumis sativus, kokwamba, namiji
Oryza sativa, shinkafa, tamata
Allium sativum, tafarnuwa, tsaka-tsaki

Saiwar ɗaya ce, ɗafa-ƙeya ce kawai ta sauya. Saboda haka idan aka sauya wa tsiro sunan dangi, sifar ma takan sauya. Kaɗanya, alal misali, an taɓa kiran ta Butyrospermum paradoxum, yanzu kuwa Vitellaria paradoxa ce. Akwai kuma sifofin da ba su sauyawa ko kaɗan, kamar bicolor, wato mai launi biyu, a sunan dawa, Sorghum bicolor.

3.0 Ma'ana

Wasu sifofin siga suke bayyanawa. Digitata a sunan kuka, Adansonia digitata, na nufin mai yatsu, domin ganyenta kamar tafin hannu yake a buɗe. Wasu launi suke nunawa, kamar albida, mai fari-fari, a sunan gawo, Faidherbia albida. Wasu kuma wuri, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Sunan tsamiya Tamarindus indica, wato ta Indiya, alhali asalinta Afirka ne.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne ga masu tsara ƙamus da masu fassara littattafan kimiyya su kiyaye abu biyu. Na farko, ƙarshen sifa ba ado ba ne, nahawu ne, kuma kuskuren harafi ɗaya yakan ɓata suna. Na biyu, sifar laƙabi ce da aka raɗa a wani zamani, don haka ba za a kafa hujja da ita kan asalin tsiro ba.