Haƙƙin Akuya a Hannun Likita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, duk mai kiwo a ƙasar Gwarzo da Kabo ya san cutar da leda ke yi wa bisashe. Akuya ta haɗiye leda a juji, ledar ta cushe a tumbi, cikinta ya kumbura alhali tana ramewa. Sau da yawa ba makawa sai likitan dabbobi ya tsaga tumbin ya fitar. Wannan fiɗa kuwa ba a iya ta da ka ba. A makarantun likitancin dabbobi, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a jikin awaki da tumaki ake gwada hanyoyin tsaga da ɗinki. To, ina haƙƙin dabbar da aka gwada a kanta?

Gwaji a kan dabba ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ibn Zuhr, likitan Andalus wanda ya rasu a 1162, ya tsaga maƙogwaron akuya domin ya tabbatar raunin yana warkewa, ta kuwa warke. Amma malamai sun san hadisi na 17 cikin Arba'una ta Nawawi, wanda ya wajabta kyautatawa har wajen yanka, sun kuma san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Idan dabbar da za a yanka tana da haƙƙin sauƙi, ina ga wadda za ta farka da ɗinki a cikinta?

Wuyar al'amarin ita ce dabba ba ta da bakin kai ƙara. Tunkiya ma ɓoye ciwo take yi, domin a daji mai rauni kura ke fara kamawa. Saboda haka masana suka koma karanta fuska. A 2010 masu bincike a Jami'ar Magil ta Kanada suka tsara ma'aunin zafi daga fuskar ɓera, a 2016 na Kambirij a Ingila suka yi na tunkiya. Alamun su ne runtse ido, da ɗaurewar kunci, da sunkuyar da kunne, da sakewar siffar hanci da leɓe, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 2. Sa'an nan a duba ko ta bar cin abinci da tuƙa, ko tana cizon haƙori, ko ta ware daga garke. Makiyayin Kabo ya daɗe da sanin waɗannan, illa dai bai rubuta ba.

Tun 1959 Turawa biyu a Ingila, Rasel da Bac, suka kafa sharuɗɗa uku. Na fari, kada a taɓa dabba idan wani abu zai wadatar, kamar mushe ko siffar roba. Na biyu, a taƙaita adadi. Na uku, a sauƙaƙa azaba: allurar kashe zafi kafin wuƙa, magani bayanta har rauni ya lafa, shimfiɗa mai tsabta, kuma wadda ciwonta ya fi ƙarfin magani a hutar da ita.

Wannan hukunci bai tsaya ga likita ba. Falken da ke ɗaure raguna a mota cikin rana, da mai dandaƙar bunsuru, su ma fuskar nan tana kallonsu, kuma za a tambaye su. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, amin.