Motar da ke ihu in an yi tsawa

Motata ta daɗe tana hana maƙwabta barci. Tirela ta wuce, ko a yi tsawa da damina, sai jiniyar tsaronta ta ɓarke. Mai laifin wani ɗan akwati ne a ƙarƙashin sitiyari, shi ke jin girgiza. A jikinsa akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa da sukudireba: dama na ƙara masa saurin ji, hagu na ragewa.

Nakan murɗa hagu kaɗan, in kulle motar, in jira ta kama tsaro, sannan in daki gefen gilashin gaba da tafin hannu. Bugu mara ƙarfi, gargaɗi kawai nake so ta yi. Kada dai a rage har ɓarawo ya fasa gilashi tana shiru. A duba ɗaurin akwatin ma, in ya yi sako-sako ba zai ji daidai ba.