Tiyon agaji ya tsage a gidan wutar Faransa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun san iraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971. Faransa ta yi shekaru tana sayen shi don yin wutar lantarki. Ana sa shi cikin babbar tukunyar ƙarfe. Zafinsa ya dafa ruwa, tururi ya juya inji, wuta ta samu.

Wannan tukunya ba ta jure ƙishirwa. Ko an tsai da aiki, zafin ba ya mutuwa nan take. In ruwa ya zube, abin da ke ciki zai narke, guba ta iya fita. Shi ya sa ake ajiye tiyo na musamman, mai tura ruwan agaji ranar tsautsayi. Kamar rumbun tsimi yake.

To, a ƙarshen 2021, a gidan wuta na Civaux, aka ga wannan tiyo ya fara tsagewa kusa da walda. Ido bai gani ba, na'ura ce ta gano. Aka duba wasu gidaje, aka samu irin haka. Aka tsai da tukwane da dama, har Faransa ta ɗauko masu walda daga Amurka da Kanada. A 2022 ta sayi wuta wurin maƙwabta fiye da wadda ta sayar musu.

Mafi muni ita ce ta Penly, a 2023. Kaurin ƙarfen tiyo milimita 27, zurfin tsaga milimita 23. Ku ɗauko abin awo ku duba milimita 4. Abin da ya rage ke nan kafin ruwa ya ɓulle.