Kuɗin Farautar Direbobi Masu Maye A Amurka

A shekarar 2022 mutum 13,524 suka halaka a hanyoyin Amurka cikin haɗarin da direba ya sha giya. Tun 1966 doka ta tanadi kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke ba jihohi domin kiyaye haɗari, su kuwa su kan yanka wa 'yan sandan garuruwa rabonsu. Da shi a ke biyan ladan sintirin dare, a sayi na'urar auna numfashin direba.

Amma fa na'urar nan giya kaɗai ta ke ganewa, mai ƙwaya ko wiwi ya kan tsallake ta. Saboda haka a kan kashe wani kaso wajen koya wa waɗansu 'yan sanda duba idon direba, da bugun zuciyarsa, da tafiyarsa. Wanda ya kuɓuce wa na'ura, ilmi ke kama shi.