Sunan Intanet Haya Ne, Ba Gado Ba

Duk mai cin kasuwar Batsari ko ta Safana ya san wanda ya daina biyan kuɗin rumfa, wata rana zai tarar da wani a zaune cikinta. To, haka al'amarin sunan intanet yake, watau adireshin nan da makaranta ko ofis kan yi wa rajista domin jama'a su same su. Haya ce ta shekara-shekara. Masu ƙarewa da .ng suna hannun hukumar NiRA, wadda aka kafa cikin 2005.

Idan wa'adin mai .com ya cika ba a biya ba, akan ɗaga wa mai shi ƙafa 'yan makonni. Daga nan yana da kwana 30 na fansa, amma da tara mai nauyi. In an ƙara kwana 5 sai a saki sunan. Sau da yawa ma ba a kai nan, gama kamfanoni irin su GoDaddy sukan yi gwanjonsa tun da wuri.

Dillalan ba haruffa suke saye ba. Abin da suke bi shi ne jama'ar da suka saba zuwa, da wasiƙun da har yanzu ake aikowa. Wannan na biyun shi ya fi damunmu, don takardar da aka nufi hedimasta da ita tana iya faɗawa hannun baƙo.

Kada akawu ya ce sakacin ƙananan ofisoshi ne kaɗai. Cikin 1999 kamfanin Microsoft kansa ya manta da sabunta passport.com, har sai da wani mutum a Amurka ya biya masa dala 35.